Ba ruwa ba, ba iska ba: yadda masana ke auna tafiyar ƙwayoyi cikin gaz ɗin da aka matse

A bangon bankuna, asibitoci da manyan ofisoshi na Yamai ko Damagaram, akan rataye jan butali na kashe gobara. Iri-iri ne. Wasu hoda ce a ciki, wasu kumfa. Wanda ke da baƙin baki mai faɗi kamar mazurari, shi gaz karbonik ne a cikinsa, wato CO2. Da sanyin safiyar hunturu, abin da ke cikin butalin kashi biyu ne: ruwa-ruwa a ƙasa, iska a sama, kamar dai butalin gaz na girki. Amma da ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, wannan rabuwa ta ɓace. Babu sama babu ƙasa. Abu ɗaya ne ya cika butalin, mai nauyi kusan kamar ruwa, mai kutsawa kamar iska.

Da Faransanci ana ce wa wannan hali fluide supercritique. Hausa ba ta riga ta raɗa masa suna ba, don haka a nan za mu kira shi ruwa-iska. Jemage ne a cikin sinadarai: tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobin ƙasa ma haka.

Yadda iyakar ke ɓacewa

A zuba ruwa rabin tukunyar ƙarfe, a rufe ta ruf yadda ko tururi ba zai fita ba, a ɗora a wuta. Ruwan yana zafi yana kumbura, ƙwayoyinsa suna ɗan nisantar juna. Tururin da ke sama kuwa ba shi da mafita, sai ƙara cunkushewa yake yi. Ɗaya na raguwa a nauyi, ɗaya na ƙaruwa, har a kai wani mataki da lita guda ta ruwan da lita guda ta tururin suka zo daidai. A nan layin da ke raba su yake gushewa. Wannan mataki shi ne kan iyaka, kuma kowane sinadari da nasa. Na ruwan sha yana da nisa: digiri 374 da matsi bar 221. Na CO2 a kusa yake: digiri 31 da matsi kusan bar 74. Don a gane girman matsin, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka.

Bafaranshe ne ya fara gano abin, Charles Cagniard de la Tour, a shekarar 1822, kuma da kunne ya gano shi. Ya zuba sinadari a bututun bindiga, ya jefa ƙwallon dutse a ciki, ya toshe, yana dumama bututun yana mirgina shi. Muddin akwai ruwa a ciki, yana jin ƙarar fantsama idan dutsen ya faɗa. Da zafi ya wuce wani mataki, sai ƙarar ta ɗauke. A 1869 Thomas Andrews, malami a Belfast, ya bi CO2 daki-daki ya auna inda iyakarsa take. Shekaru goma bayan haka wasu masana biyu, Hannay da Hogarth, suka nuna abin da ya zama tushen sana'a guda: wannan ruwa-iska yana narkar da daskararrun abubuwa, kuma da an saki matsin sai abin da ya narke ya zubo, shi kuma ya koma iska ya tafi abinsa.

A doron duniyarmu sai an tanadi tukunya mai ƙarfi ake samun wannan hali. A kan Zara, tauraruwar da muke ce wa matar wata, haka iskar take a doron ƙasa: kusan dukkanta CO2 ce, zafi ya haura digiri 450, matsi ya ninka namu sau 90 da wani abu.

Mece ce bazuwa?

Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira molekil, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Kullum cikin motsi suke, suna karo da juna, suna canza hanya ba tare da wata manufa ba. Idan ƙwayoyin sukari sun taru a gefe guda, wannan yawon banza zai kai su sannu a hankali inda babu su, ba don suna neman can ba, sai don waɗanda ke barin cunkoso sun fi masu komawa yawa. Wannan ita ce bazuwa. Adolf Fick, likitan Jamus, ya rubuta ƙa'idarta a 1855. A 1905 Einstein ya nuna yadda take fitowa daga karon ƙwayoyi, sannan Jean Perrin a Paris ya tabbatar da lissafin da madubin ƙara girma, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1926.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: bazuwa gwana ce a gajeriyar tafiya, raguwa ce a doguwa. In nisa ya ninka biyu, lokaci ya ninka huɗu. In ya ninka goma, lokaci ya ninka ɗari. A zuba sukari a gindin kofin ruwan sanyi, kada a motsa. Kafin ƙwayoyinsa su hau santimita 1, sai an yi kwana guda da ƴan awoyi. Santimita 5 kuwa, kusan wata guda. Shi ya sa mai shayi yake juye shi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta.

A lakkol akan ba da misali da turare, a ce an buɗe kwalba a lungu ƙanshi ya cika ɗaki. Misalin yana da daɗin ji amma bai cika daidai ba. Kaɗawar iska ce ke ɗauko ƙanshin. Da bazuwa kaɗai ce, mita 3 za ta ci kwanaki.

Kowane sinadari, a cikin kowane abin da ya narke a ciki, yana da lamba guda da ke faɗin saurin bazuwarsa. Masana suna rubuta ta da harafin D. A cikin iska tana da girma, a cikin ruwa ta ragu kusan sau 10,000. Ruwa-iska yana tsakani: ya fi ruwa sauri sau 10, wani lokaci har sau 100. Tafiyar milimita 1 da za ta ci minti 8 a ruwa, ba ta kai minti guda a cikinsa. Ga shi kuma ba shi da kauri, ya fi ruwan sha tsinkewa sau goma ko fiye, kuma ba shi da fatar nan ta saman ruwa da ke hana shi shiga ƙananan ramuka. Duk kafar da iska za ta shiga, zai shiga, ya narkar da abin da ya tarar, ya fito da shi.

Inda lambar ke zama kuɗi

Kafe ne ya fara fitar da abin daga ɗakin bincike. Kurt Zosel, masani a cibiyar Max Planck da ke Mülheim a Jamus, ya gano cewa CO2 da aka matse yana zare kafeyin daga ɗanyen kafe da aka jiƙa, ya bar mafi yawan ɗanɗanon. A 1978 aka buɗe masana'antar farko a birnin Bremen. Yau ana amfani da hanyar wajen tatso ƙanshi da man kayan yaji, wajen haɗa wasu magunguna, kuma wani kamfanin Holan mai suna DyeCoo ya ƙera injin rina yadin roba da ita ba tare da ɗigon ruwa ba. Abin da ke jan hankali shi ne CO2 ba ya kama wuta, ba guba ba ne a abinci, kuma ba ya barin saura. Hanyar da manyan masana'antun mai suka saba da ita tana amfani da hekzan, wani ɗan uwan fetur, wanda sai an dafa an kore shi daga man bayan an gama.

To amma tukunyar da za ta jure bar 300 ba tukunyar tuwo ba ce. Kaurin ƙarfenta, famfonta, murfinta, duk tsada ne. Injiniyan da zai zana ta dole ya san awa nawa kaya za su yi a ciki kafin abin da ake nema ya fito, kuma babban abin da ke yanke wannan shi ne saurin da ƙwayoyin za su ratso daga cikin ƙwayar kafe ko garin citta zuwa waje. In ya ɗauka bazuwar ta fi yadda take sauri, za a sauke kaya da saura a ciki. Ga kafe wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dokar wasu ƙasashen Turai ba ta yarda gasasshen kafen da aka ce an cire masa kafeyin ya wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. In kuma ya ɗauka ta fi yadda take nawa, zai sayi tukunyar da ta fi buƙata girma, ya binne jari a banza.

Akwai kuma ciniki da yanayin kansa. A digiri 40, lita guda ta CO2 tana da nauyin gram 280 a matsin bar 80. A ƙara matsin zuwa bar 100 kawai, ta haura gram 600. A bar 300 ta wuce gram 900. Cunkoso yana ƙara ƙarfin narkarwa, amma yana toshe wa ƙwayoyi hanya, bazuwa ta ragu. A ƙara zafi, bazuwa ta ƙaru, cunkoso ya ragu. Riba a nan, asara a can. Ba a iya zaɓen inda ya dace sai an san D a kowane zafi da kowane matsi.

Awo cikin siririn tiyo

Ta yaya ake auna tafiyar abin da ido ba ya gani, a cikin ƙarfen da ba a iya buɗewa? Hanyar da aka fi bi ta samo asali daga wani masanin Ingila, Geoffrey Taylor, a 1953, kuma Rutherford Aris ya cika lissafinta a 1956.

Ana samun siririn tiyo wanda raminsa bai kai milimita 1 ba, tsawonsa mita gomomi, a naɗe shi a sa a cikin akwatin da ke riƙe zafi daidai. Sai famfo ya riƙa tura CO2 a ciki sannu sannu, ba tare da hargitsi ba. A bakin tiyon a yi allurar ɗan digon sinadarin da ake son aunawa. A ƙarshen tiyon akwai na'ura mai haske da ke ƙirga yawan sinadarin da ke wucewa. Digon da ya shiga a dunƙule yana fita a miƙe, na'urar ta zana shi kamar tudu: kaɗan da farko, da yawa a tsakiya, kaɗan a ƙarshe. Faɗin tudun ake aunawa.

A nan ne abin yake da ban sha'awa, kuma ya saɓa wa abin da hankali zai fara ba mutum. Sinadarin da ya fi saurin bazuwa shi ne ke ba da siririn tudu. Mai nawa shi ne ke ba da mai faɗi.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Maraɗi da damina ya ga dalili. Ruwan tsakiya gudu yake, na gefe yana jan ciki. Haka yake a cikin tiyo: na tsakiya yana ninka matsakaicin gudu sau biyu, wanda ke manne da bango kusan a tsaye yake. A watsa karare a gulbi. In kowane kara ya tsaya a layinsa, na tsakiya zai yi nisa ya bar na gefe, su watse a tsawon gulbin. Amma in kowannensu yana yawan sauya wuri, yanzu tsakiya, anjima gefe, to kowa ya ɗanɗani gudu ya ɗanɗani nawa, sai su isa kusan tare. Bazuwa ita ce ke sa ƙwaya sauya layi. Da faɗin tudun, da faɗin ramin tiyo, da lokacin da digon ya ɗauka, sai lissafi ya fitar da D.

A takarda abin da sauƙi. A aikace, da wuya. Naɗin tiyon yana haifar da wani juyi a cikin kwararar, wanda ke gauraya ƙwayoyi fiye da yadda bazuwa za ta yi, don haka dole a rage gudu sosai. In digon ya fi CO2 nauyi, yana iya kwantawa a ƙasan tiyo. Wasu sinadarai kuma, musamman masu son ruwa, suna manne wa bango su saki a makare, tudun ya fito da doguwar wutsiya wadda ke ɓata lissafi. Masu bincike a Japan sun juya wannan matsala ta zama dabara: suka shafe cikin tiyon da siririyar roba wadda aka san yadda take riƙe sinadari, suka sa riƙon cikin lissafin. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar kwarara ko kaɗan, mai amfani da maganaɗisu irin na injin IRM na asibiti: ana yi wa ƙwayoyin alama a inda suke, a jira ɗan ƙyaftawar ido, a duba nisan da suka yi. Tana da kyau, amma na'urar da za ta jure matsi tana da tsada, ɗakunan bincike kaɗan ke da ita.

Kowace lamba guda tana iya cin awoyi, kuma akan maimaita awon sau da dama. Sinadaran da aka auna a cikin CO2 ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, alhali waɗanda ake sha'awar tatsowa daga tsirrai kaɗai sun kai dubbai.

Hasashe, tunda awo ba zai isa ba

Saboda haka ake neman lissafin da zai faɗi lambar ba tare da an kunna famfo ba. Mafi tsufa shi ne na Stokes da Einstein, wanda ke ɗaukar ƙwaya kamar ƙwallo mai ratsa ruwa: zafi yana tura ta, kaurin ruwan da girmanta suna riƙe ta. A 1955 Wilke da Chang a Amurka suka gyara shi ya dace da aikin injiniyoyi, kuma har gobe shi ne ake fara jarrabawa, don abin da yake buƙata kaɗan ne. Sai dai don ruwa aka yi shi. A cikin ruwa-iska ba abin mamaki ba ne ya kauce da kashi 10 cikin 100 ko fiye.

Dalilan kaucewar sanannu ne. Lissafin yana ɗauka ƙwayar da ke tafiya ta fi na kewaye da ita girma nesa ba kusa ba, alhali sau da yawa ba ta fi su da wani yawa ba. Sannan a kusa da kan iyaka, ƙwayoyin CO2 sukan yi dafifi a jikin baƙuwar ƙwaya, ta zama kamar mai kuɗi a kasuwa, ba ta motsi sai da ayari. In an ƙara ɗan alkol a cikin CO2, kamar yadda ake yi don ya narkar da abubuwan da shi kaɗai ba ya iyawa, ayarin ya ƙara nauyi.

Daf da kan iyaka kuwa komai rikicewa yake. Abin da yake garau sai ya yi fari kamar nono, domin cunkoso yana taruwa yana watsewa a ko'ina. Gaurayuwa tana yin nawa ƙwarai. Nauyin abin kansa ya isa ya danne na ƙasa ya fi na sama cunkoso, ko da a ƴar kwalba mai tsawon yatsa. Wannan ya sa hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, ta aika wata na'ura mai suna DECLIC zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2009, don a yi nazari inda nauyi ba ya damun awo. Masana'antu dai sun ɗauki hanya mai sauƙi, suna aiki nesa da wannan wuri.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayo a kwamfuta, wadda Alder da Wainwright suka fara a Kaliforniya a 1957. Ana zana dubban ƙwayoyi a cikin akwatin lissafi, a faɗa wa kwamfuta yadda suke jan juna da ture juna, ta riƙa matsar da su taki-taki. Kowane taki ɗan mitsitsin lokaci ne, daƙiƙa guda a raba ta miliyar, a sake raba kowane kashi miliyan. Bayan miliyoyin taki sai a duba nisan da ƙwayoyin suka yi, a fitar da D da lissafin Einstein. Amfaninta shi ne tana zuwa inda tiyo ba zai je ba, zafi mai tsanani ko sinadari mai haɗari. Rauninta shi ne amsar ba ta fi bayanin da aka ba ta kyau.

Ta uku ita ce ta yayi, ƙirƙirarriyar basira. Ana tara dubban awon da aka riga aka yi, a bar kwamfuta ta koyi alaƙar da ke tsakanin siffar ƙwaya, zafi, cunkoso da bazuwa. A kan sinadaran da suka yi kama da waɗanda ta koya, takan fi tsofaffin lissafai dacewa. A ganina a nan ne ya kamata a yi hattara da talla. Wadda ta koya daga ƴan ɗaruruwan sinadarai, in aka kawo mata na wani ganyen da ba a taɓa aunawa ba, za ta ba da lamba cikin gadara, ba za ta ce ban sani ba.

Ƙarƙashin Sahara

Maganar ba ta tsaya a masana'anta ba. Ƙasashen da ke son rage hayaƙin da ke ɗumama duniya suna tura CO2 cikin ƙasa, kuma daga zurfin mita 800 zuwa ƙasa, zafi da matsi sun isa su mai da shi ruwa-iska. Norwe ta fara a Sleipner a 1996, kusan tan miliyan 1 a shekara. Maƙwabciyarmu Aljeriya ta yi nata a In Salah, inda aka tura kimanin tan miliyan 3.8 zuwa zurfin kusan kilomita 2 daga 2004 zuwa 2011. Tauraron ɗan adam ya nuna ƙasa tana ɗan tasowa a saman rijiyoyin, aka ji tsoron tsagewar dutsen da ke rufe ma'ajiyar, aka dakatar.

A can ƙasa CO2 ya fi ruwan gishirin da ke cikin dutse sauƙi, don haka yana taso masa a kai yana neman mafita. Hankali ba ya kwanciya sai ya narke a cikin ruwan. Narkewar da bazuwa take farawa, kuma a ruwa take faruwa, inda take da nawa. Sa'ar da aka yi ita ce ruwan da ya sha CO2 yana ɗan ƙara nauyi, ya nitse, sabo ya taso. Shekara nawa za a yi kafin wannan juyi ya fara, D na cikin lambobin da ke faɗa.

A gida kuwa, duk wanda aka kawo wa tallar irin wannan inji don riɗi, aya ko ƴaƴan zogale ya kamata ya san abu biyu. Ƙwayoyin man girki manya ne, suna da nawar bazuwa, kuma ko a bar 300 abin da CO2 ke narkarwa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, sai an zagaya da gaz mai yawa. Shi ya sa ga man gyaɗa na tuya, matsa ta fi araha nesa, injin kuma sai ga kaya masu tsada a ƙaramin kwalba yake biyan kansa. Na biyu, niƙa. In an rage girman gari da rabi, lokacin fitar mai daga cikinsa ya ragu sau huɗu. In ya yi laushi fiye da kima kuma sai ya dunƙule, gaz ya huda hanya guda ya bi, ya bar sauran garin da mansa.